Ranar da Aka Karanta Kayan Jikina a Bango

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da zan kai shekarun da haƙora za su ƙare a bakina in koma shan koko zalla. Amma kafin in kai ku can, bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san tsawon benen da na faɗo daga kansa.

Ni ne mutumin da kunya ba ta taɓa kamawa ba a duk faɗin Zangon Kumasi. Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da lasifika a wurin aure da suna, daga Asawase har Oforikrom. Sanƙira nake, ko emsi kamar yadda yaran yanzu ke cewa. Na taɓa kiran ango da sunan tsohon saurayin amarya, wuri ya yi tsit, na juya maganar na murɗa ta har angon ya taso da kansa ya liƙa mini kuɗi a goshi. In na buɗe baki, direban trotro, motar hayarmu ta cikin gari, kan tsaya ya saurara, fasinja kuma ba mai cewa uffan. (Matata Zuwera ta ce cunkoso ne ke tsayar da shi. Zuwera ba ta san fasaha ba.)

To, 'yar yayata Hajara, malamar makaranta ce a Oforikrom, ita ta jawo ni cikin wannan al'amari. Wata rana ta zo gaishe mu, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kawu, duba abin da aka rubuta a kan koko."

Ashe akwai wani ƙaton kundin sani a intanet, da sashensa na Hausa, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta, kowa kuma ke iya shiga ya goge abin da ka rubuta. Na tambaye ta ina ofishinsu yake in je in gaisa, ta ce ba haka ake yi ba. Na ce wa ke biyan masu rubutun, ta ce ba kowa, sa kai ne. Tun daga nan kaina ya fara ɗaurewa, har yau kuma bai gama kwancewa ba. Na karanta abin da aka rubuta a kan koko. Layi huɗu, kuma ko ƙosai ba a ambata ba! Na ce wannan cin mutunci ne, a ba ni wuri.

Haka na shiga ƙungiyarsu. Duk Asabar bayan azahar muna haɗuwa a wani aji na makarantar su Hajara, mu goma sha wani abu, kowa da wayarsa, ita da kwamfuta. Na zaɓi sunan Kakakin Zango. Na rubuta a kan cinikin goro, na rubuta a kan tuwon zafi, na rubuta yadda ake sa amarya a lalle a wurinmu. Hajara ta yi ta fama da ni a kan madogara, wato littafi ko jaridar da za ka nuna ka ce ga inda na samo, har na koyi zuwa laburare, ni da rabona da laburare tun ina da gashi a ka. Bari in faɗi gaskiya guda ɗaya ba ƙari: na so abin nan. Duk abin da na faɗa a lasifika, kafin a kwashe kujeru iska ta tafi da shi. Wannan kuwa in na buɗe waya da safe yana nan inda na bar shi, wani a Yamai ko Kano ya karanta, har ya gyara mini waƙafi.

Akwai wani ɗan akwati da ke fitowa in ka gama rubutu. Ranar farko Hajara ta nuna mini shi ta ce, "Kawu, kafin ka danna ajiyewa, ka rubuta a nan abin da ka yi da dalilin da ya sa ka yi." Ta ci gaba da bayani, amma daidai lokacin Tica Yakubu ya shigo, wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, na miƙe muka gaisa. Kun san gaisuwar Zango: gida, iyali, ƙafar da ta yi ciwo bara, ruwan jiya. Kafin mu gama Hajara ta wuce wani darasi. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa akwatin nan na na'ura ne, ita ke haɗiye abin da aka zuba mata, kamar yadda ake jefa takarda a rijiya.

Ana nan sai Alhaji Sumaila ya aiko in zo. Alhaji Sumaila yayan Zuwera ne, uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin shanu, ya bar Zango ya gina gida a Kwadaso mai ƙofar da ke buɗe kanta. Mutum ne marar yawan magana, ni kuma in ina gabansa nakan rage murya zuwa rabi, wanda shi ne daidai muryar sauran mutane. Bayan mun gaisa ya ce, "An ce kai ne kake sa mutane a intanet yanzu."

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Wanda ban sa ba bai shiga ba."

Ya ce, "To, ka ɗan sa ni."

Ya jawo wata leda daga gefen kujera ya turo mini. Na leƙa. Shadda ce ruwan toka, irin wadda in ka taɓa ta take ƙara kamar sabuwar takardar kuɗi. Ya ce, "Wannan tsakaninmu ne. Kada kowa ya ji."

A trotro ina rungume da leda ina ta lissafin ɗaukaka. Na ce shi ke nan, sunana ya kai Kwadaso. Manya sun gane alƙalamina. Yau Alhaji Sumaila, gobe sarakunan Zango za su yi layi a ƙofar gidana, jibi sai na ɗauki sakatare.

Na zauna na rubuta Alhaji. Jama'a, na rubuta shi! Na ce in garkensa ya taso daga arewa, saniyar gaba na shiga Kumasi ta baya ba ta gama shan ruwa a Burkina ba. Na ce ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a talbiyya. Wurin madogara na tsaya na yi tunani, don babu littafin da ya san da Alhaji, sai na sa: "Kowa ya sani."

Sai dai wani abu ya dame ni. A sana'armu ba a karɓar kyauta a yi shiru. In mutum ya ba ka ko goro ɗaya ne, ka ɗaga shi sama, ka faɗi sunansa da na ubansa, ka yi masa addu'a jama'a su ce amin. Kyautar da ba a yi shelarta ba ni a wurina kamar abincin da ba a yi bisimilla ba ne. Ga shi Alhaji ya ce kada kowa ya ji. Kwana biyu ina yawo da godiya a ciki kamar kumburi. Ranar da na zo danna ajiyewa sai ɗan akwatin nan ya fito, yana tambayata abin da na yi da dalilin da ya sa na yi. Na ce Alhamdu lillahi, ga mafita. Na'ura ai ba kowa ba ce. Na zuba mata godiyata, na ji sakayau.

Bayan kwana uku sai ga tela har gida da tef a wuya, wai Alhaji ya turo shi ya auna ni, kuma an riga an sallame shi. Na ce a raina, Alhaji ya karanta, ya ji daɗi, yana son ƙari. Na koma na ƙara. Mako na zagayowa sai ga hula. Na ƙara. Sai ga takalmi. Na ƙara. Kowane zuwa kuma ina sanar da na'ura, don ni ba butulu ba ne.

Wata safiya na buɗe shafin Alhaji in yi masa kallon sha'awa, sai na tarar an manna masa wani jan akwati a ka, wai ga alama wanda ya rubuta wannan muƙala yana da alaƙa ta kusa da mai ita, ko kuma an biya shi. A cikin rubutun kuma, bayan kowace jimla, an liƙa "ana buƙatar madogara", "ana buƙatar madogara", kamar kaska a jikin saniya. Na goge jan akwatin. Da rana ya dawo. Na goge. Da la'asar ya dawo. Na ce lalle wayata ta kamu da cuta.

Na kai ta wurin Kwaku mai gyaran waya a bakin titinmu. Ya juya ta, ya karanta, da yake a Zango ya girma yana jin Hausa, ya miƙo mini ya ce, "Kawu, wayarka lafiya lau. Asem ɗin, wato matsalar, a cikin rubutun yake. Mutum ne ke mayar da shi."

"Wane mutum?"

"Ga sunansa nan. Mai Tsintsiya."

Na ce ɗan wace unguwa ne? Ya ce ba a sani ba. Namiji ne ko mace? Ba a sani ba. Wato wani wanda ba shi da unguwa, ba shi da uba da za a kai ƙara wurinsa, shi ke bina yana share mini aiki. Kwaku ya nuna mini wani wuri da ake kira shafin tattaunawa, inda Mai Tsintsiya ya bar mini saƙo cikin ladabi. Ya yi sallama, ya yaba rubutuna na goro, sannan ya ce: shin kana da dangantaka da Alhaji Sumaila? Shin an ba ka wani abu don ka rubuta wannan? In haka ne ba laifi ba ne a faɗa, ka'ida ce a bayyana.

Na zauna a bencin Kwaku ina ta juya tambayar. An biya ni? Ai ba mu yi ciniki ba. Ban ce nawa ba, bai ce albarka ba. Babba ya ba ƙaninsa kyauta, ƙani ya yi masa abin arziki, tun kakanni haka ake yi. Dangantaka kuwa, wa ba shi da dangantaka da wani a Zango? In aka bi ta wannan, ba mai rubuta kowa. Ga kuma maganar Alhaji tana yi mini amo a kunne. Sai na rubuta: "Ban san shi ba sai daga nesa, kamar yadda kowa ya san shi. Ko allura bai taɓa ba ni ba."

(Ta wajen allura gaskiya na faɗa. Tela da tasa ya zo.)

Na rufe wayar na yi fushi da shafin, ban sake leƙa shi ba.

Asabar ɗin da nake ba ku labari, Hajara ta gayyato sababbin mutane, malamai 'yan uwanta da wasu mata daga ƙungiyar Islamiyya, ajin ya cika har ana tsaye a taga. Ta aro majigi mai haska kwamfuta a bango. Makonni tana fama da jarrabawar ɗalibai, ba ta san komai game da shafin Alhaji ba. Ta ce mini in shirya, ni za ta nuna a matsayin abin koyi. Na shirya kuwa. Na saka shadda ruwan toka, ɗinkin babbar riga, na kafa hula, na zura takalmi. Da na shigo sai da aka yi tafi. Tica Yakubu ya ce, "Kakaki, yau kai ne angon ko kai ne sanƙiran?" Na ce duka biyun, aka yi dariya. Aka ba ni kujera a gaba, ina fuskantar jama'a, bango na bayana.

Hajara ta ce, "Wannan kawuna ne. Bai san komai a kan kwamfuta ba lokacin da ya fara, yanzu kuwa ba wanda ya kai shi ƙwazo a cikinmu. Ba don kuɗi ba, ba don suna ba, sai don kishin harshenmu." Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Ta ce, "Abin da ya sa ake yarda da kundin nan shi ne ba abin da ke ɓoye. Duk gyaran da mutum ya yi yana nan a rubuce, da ranarsa, da bayanin da ya bayar, kowa a duniya na iya gani. Bari in nuna muku na Kawu."

Na ji kalmar "bayanin da ya bayar" ta wuce ta gefen kunnena, amma ban kama ta ba. Ina can ina murmushi ina gyara hannun riga.

Sai na ga murmushin mutane yana canja kama. Wata mata ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Hajara ta ƙura wa bango ido, hannunta a kan kwamfuta. Tica Yakubu, wanda shekara talatin yana karanta wa yara allo da ƙarfi har abin ya zame masa jiki, ya gyara tabarau ya fara:

"Na buɗe shafin Yaya Alhaji. Shadda ta iso, ruwan toka, Allah ya ƙara arziki."

Ya sauke tabarau ya dubi rigata. Ajin gaba ɗaya ya dubi rigata. Ni ma na dube ta.

"Na ƙara yawan shanu, domin tela ya zo ya auna ni."

Na waiga. Ga su nan a bango, layi bisa layi, kowane harafi ya kai girman tafin hannuna. Abin da na raɗa wa na'ura a asirce! Na ce, "Hajara, wa ya ba su wannan?" Tica ya ci gaba da karatu.

"Hula ta iso. Na ƙara masa zuwa Makka sau biyu."

Wani daga taga ya ce, "Hula, ga ta can!"

"Takalmi ya iso, na dama ya ɗan matse ni amma ba komai. Na sa cewa shi ya fara kawo shanu Kumasi a mota."

Na janye ƙafafuna ƙarƙashin kujera. Ban san dalili ba, sai takalmin dama ya fara matse ni da gaske.

Tica ya ce, "Saura ɗaya." Na ce, "Tica, don girman Allah." Ya ce, "Ai a bango yake, Kakaki, ko na yi shiru suna gani." Ya karanta:

"Na cire wannan jan akwatin. Alhaji ya ce kada kowa ya ji."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, ni da dariya ce abincina. Wani malami ya faɗo daga benci. Matan Islamiyya suna ta istigfari suna share hawaye. Ni kuwa, mai juya magana, na buɗe baki na nemi magana ko ɗaya, babu. Abin da ya fito shi ne, "Ashe tana faɗa?"

Hajara kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta danna shafin tattaunawa, amsata ta fito a bango, da nesa da allura da komai. Ta juyo ta ce a hankali, "Kawu, yayan Anti Zuwera ne fa. A gidansa aka yi walimar aurena."

Nan dariya ta mutu, gardama ta tashi. Tica Yakubu ya ce shi a ganinsa ban ɓoye komai ba. "Ka'ida ta ce wanda aka ba wani abu ya bayyana. Mutumin nan ya bayyana har da ƙafar da takalmi ya matse. Wa ya taɓa bayyanawa haka?" Wani ya ce amma ai da aka tambaye shi ya musanta. Tica ya ce to ya faɗa sau biyar ya musanta sau ɗaya, a yi lissafi mana. Wata ta ce faɗar da mutum bai san ya yi ba ba faɗa ba ce. Aka rabu gida biyu, ana ta nuna ni da yatsa kamar saniyar da ake tayawa.

Na ɗaga hannu na ce, "Jama'a, ku taimake ni. Na faɗa ne ko na ɓoye?"

Suka ce, "Duka biyun."

"To wanne ne laifin?"

Rabi suka ce ɓoyewar, rabi suka ce rubutun tun farko. Na ce to in na fahimta, don na san Alhaji shi ya sa bai kamata in rubuta shi ba? Suka ce e. Na ce wanda bai san shi ba shi zai rubuta shi? Suka ce e, in akwai madogara. Na ce in babu fa? Suka ce sai a bar shi. Na dafe hula. (Na tuna ko ta wane ce, na sauke hannu.)

Hajara ta gangara ƙasan shafin. Ashe Mai Tsintsiya ya sake barin saƙo kwana uku da suka wuce, ina can ina fushi. Ya ce ya daɗe yana shara a kundin nan, bai taɓa gamuwa da irina ba. Ya ce an ba ni mako guda: in rubuta a shafina, a fili, cewa Alhaji surukina ne kuma ya ba ni kaya, in kuma cire hannuna daga muƙalarsa. In ban yi ba, za a toshe Kakakin Zango, ba zan sake rubuta ko waƙafi ba.

Da mutane suka watse muka rage ni da ita, tana naɗe wayar majigi ba ta kallona. Na ce, "Hajara, ni fa har yanzu ban ga inda na saci wani abu ba. Kullum ina yabon mutane ana ba ni, ba wanda ya taɓa kirana maƙaryaci."

Ta ce, "Kawu, a wurin biki in ka ce mutum ya fi kowa, kuɗinsa na manne a goshinka. Kowa na gani, kowa ya san nawa zai rage daga maganar. Wanda ya buɗe shafin nan a wani gari ba ya ganin goshinka. Ya ɗauka gaskiya ce tsura." Ta zuge jakarta. "Kuma ni na tsaya gaban mutane na ce ba don komai kake yi ba."

Wannan ta fi dariyar zafi.

Kwana huɗu suka rage mini. In na rubuta abin da suke so, na tona asirin da babba ya ba ni amana, yayan matata kuma. In ban rubuta ba, goro da tuwon zafi da lalle duk sun zama marayu, wani ya zo ya cire ƙosai daga koko ina kallo ba ni da bakin magana. Na gaya wa Zuwera komai a kicin. Ta juya mini baya tana tuƙa tuwo, kafaɗunta na rawa. Na ce, "Kar ki yi kuka, zan gyara." Ta ce da wata irin murya, "Ka je ka same shi kawai."

Ranar Litinin da hantsi na kama hanyar Kwadaso. Shaddar nan ko kallonta ba na son yi, sai na ɗauko tsohuwar rigata ta zuwa biki, shuɗiya, wadda ta yi mini hidima shekara da shekaru. A trotro na yi wa kaina wa'azi. Na ce daga yau duk akwatin da ya tambaye ni dalili, sai na tambaye shi wa zai gaya wa. Kuma in za ka yabi mutum da kayansa a jikinka, ka fara nuna kayan, sannan ka yi yabon. Na kuma shirya jawabin ban haƙuri mai sassa uku, da ayoyi, da inda zan sa murya ta karye.

Na tarar da Alhaji a tsakar gida yana waya a kan wata mota da ta lalace da shanu a hanya. Na durƙusa na jira. Da ya gama na fara. Na ce na ci amana. Na ce duniya duka, daga Yamai har inda ba a jin Hausa, ta san maganar shadda. Na ce an sa wa muƙalarsa jan akwati, an zare shanun Burkina, an rage zuwansa Makka, kuma ga alama za a goge ta gaba ɗaya. Na ce ina neman izini in rubuta gaskiya a shafina, in kuwa bai yarda ba, na haƙura a toshe ni. A nan na sa muryar ta karye.

Alhaji ya zuba mini ido. Ba fuskata yake kallo ba, wuyan rigata yake kallo.

Ya ce, "Wace muƙala?"

Na ce, "Taka, Alhaji. Ta intanet. Wadda ka ce in sa ka."

"Au. Ashe ka rubuta?"

Na ce, "Ba ka karanta ba? Tela fa? Hula fa? Ba don ka ji daɗin rubutun ba ne?"

Ya ce, "Ni ina na san inda ake buɗe abin? Zuwera ce ta zo ta ce rigarka ta biki ta mutu, kana tsayawa gaban jama'a da ita kana ba mu kunya, kuma in na ba ka kai tsaye girman kai ba zai bar ka ka karɓa ba. Shi ne na ce bari in nema maka ɗan aikin da za ka ji kamar ka yi wani abu." Ya ɗauki wayarsa zai sake kira. "Ka rubuta musu duk abin da suke so. Amma wannan rigar, don Allah, in za ka fita ka bi ta ƙofar baya."